Kore na danna, na ce wa jikana ja

Daga admin: Wata uwa tamu ce ta aiko daga gabashin Sakkwato, ta ce a ɓoye sunanta. Ku karanta har ƙarshe kafin ku ce komai.

Salamu alaikum ɗiyana da jikokina na wanga zaure, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da iyali. Don Allah ku ba ni shawara. Ban saba roƙo ba, ni ake zuwa tambaya, amma yau ta kama. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Rahila ce ke rubutawa, ma'aikaciyar asibiti ce 'yar Zuru da ke haya jikin gidanmu, ina faɗi tana dannawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana ko ta rage mini laifi.

Ana cikin aikin tare gulbi a Goronyo, manyan motoci na wucewa dare da rana, na haifi ɗiyata ta huɗu. Shekarar da soja sunka canza kuɗi na yaye ta. Shekarar babbar ambaliya, wadda ta kwashe mutane zuwa kan tudu, ita ta riga ta koma ga Allah, ɗanta guda shina hannuna, ina kai shi firamare da kaina. Sunan marigayi mijina anka sa mishi, don haka ba ni faɗin sunanai, Maigida nake ce mishi tun shina cikin zanen goyo, shi ko ya ce mini Inna, in ya so tsokana ya ce amarya. Kanai maganar take.

Ubana masunci ne, gidanmu shi ne na ƙarshe kafin gaɓa, tsakanin Wurno da Goronyo, ba zan faɗi garin ba. Tun ina budurwa na san ruwa. In gulbi zai taso ina jin warin sabuwar laka tun bai iso ba, ina ganin kumfa da karare, ina duban walƙiyar gabas in ce wa maza ku janye kayanku. Ban taɓa faɗi ya tashi banza ba, ku tambayi kowa. Da anka yi dam sai gulbi ya sake hali, ya daina bin ruwan sama ya koma bin ƙofar dam. Rana tana tsaka, babu hadari ko na magani, a buɗe can sama, ruwa ya taho. Wannan na san shi sarai, ina so ku riƙe cewa na san shi.

Maigida ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ya yi bautar ƙasa, ya dawo babu aiki. Mutanenmu 'yan fadama ne, albasa, tafarnuwa, shinkafa, kowa da injin ban-ruwanai a bakin gaɓa. Ko an yi sanarwa a rediyo za a saki ruwa, babu mai gaya maka inda zai kai a kwanar garinku. Sai ya kafa wani dogon ƙarfe cikin gulbi, daidai bayan gidana, ya shafa mishi fenti kala uku, kore a ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a sama. Ya aje wani ɗan akwati a ɗakina jikin sola, ya ba ni ƙaramar waya. Aikina kullum in gari ya waye in duba inda ruwa ya tsaya, in danna. Maɓalli na hagu kore, na tsakiya ɗorawa, na dama ja. In na danna ɗorawa ko ja, akwatin ya aika saƙo ga duk manoman ƙungiyar fadama ta garinmu su zo su kwashe kaya.

Ranar da ya kai maganar gaban ƙungiya sun so a ba namiji aikin dubawa. Shugaban ƙungiya ya ce, yanzu injunanmu duka za mu rataya ga tsohuwa? An ba ni labari Maigida ya miƙe ya ce kakatai ta san gulbin ga tun dam bai zo duniya ba, in akwai wanda ya fi ta ya fito. Wani ya ce, to ai matarka ce, dole ka yabe ta. Anka yi dariya, anka yarda. Mako guda na yi ina tahiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Abin da ya fi alfahari da shi cikin aikin kuwa shi ne abin da yake kira tarko. Ya zaunar da ni ya bayyana mini, don ni ba a yi mini aiki a ɗaki ban san kanai ba. Ya ce rubutun da yake yi umarni ne, da wani yaren kwamfuta, wai sunan maciji gare shi. Shina ce wa akwatin, gwada yin kaza, in abin ya ƙi, kada ka mutu ka yi shiru, kama kuskuren ka kira ni. In hantsi ya yi ban danna ba, wayatai ta yi kuka. In na danna maɓallin da ba shi ba, ta yi kuka. In sabis ya ɗauke, da ya dawo ta yi kuka. Na ce ashe koma ce ta kamun kihi ka shimfiɗa. Ya ce, "Koma ce amarya, mai ƙananan idanu, ko ɗan tsaki ba ya wucewa." Na ce kai da ko iyo ba ka iya ba, mi ka sani ga koma.

Shekara biyu abin na tahiya. Sau ɗaya na danna ɗorawa da sassafe, kafin hantsi babura sun cika gaɓa, ba a rasa ko tiyo ba. Ranar har da mai kawo mini kwandon albasa. Mutanen Kwargaba sunka aiko suna so, wasu daga wajen Rabah sunka zo kallo. Yaron ya fara ƙiba.

Bayan sallar layya ta bara idona ya fara. Awa hayaƙin ɗanyen itace, sannu sannu, har ƙarfen ga ya koma mini sanda guda mai kala guda. Ban gaya wa kowa ba. Uwata ta makance, na ga yadda anka yi da ita cikin gidan da ita ta gina, a aje ta gefe, a riƙa tambayar wani ko ta ci abinci alhali ga ta zaune. Na ce ni ba za a yi mini haka ba. Waya kuwa yatsana ya san ta, ba sai na gani ba. Sai na koma ga abin ubana, in fita in shaƙi iska, in tuna ko an yi walƙiya, in taka dutsen da nake wanki a kai in ji inda ruwa yake, in danna kore. Watanni ina haka, kullum daidai, don babu abin da ya faru. Har na fara ce wa kaina ashe fentin ma ado ne.

Ƙarshen daminar bana, ruwan sama ya kwana biyu da ɗaukewa, mutane sun zuba irin albasa a ƙasan fadama, an kai taki bukkoki, an sauke injuna. Wata sahiya na taka dutsena na ji ruwa ya rufe mini idon sawu. Na tsaya. Na shaƙa, babu warin laka, sama tas. Na ce ƙila gefen dutsen na taka. Akwai mata a bayana suna ɗibar ruwa, kalma guda ce, in ce wance duba mini ƙarfen can. Ban ce ba. Na danna kore. Washegari gwiwata ta riƙe, ko gaɓar ban sauka ba, daga bakin ƙofa na shaƙi iska na danna kore. Ranar kasuwa ce, maza sun watse, kowa ya ga babu saƙo ya kama gabanai. Kafin azahar ruwa ya hau. Injuna sunka nutse, wasu ya tahi da su, taki ya narke, irin albasa ya kwanta ƙarƙashin laka. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma akwai gidajen da noman rani na bana ya wuce su.

Bayan la'asar ƙofar gidana ta cika. Maigida ya iso kan babur daga Wurno, wandonai duk laka, ya ratsa mutane ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, mi kinka danna?" Shugaban ƙungiya na tsaye, wanda ya ce tsohuwa. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce ja. Ya ce yau ko jiya? Na ce jiya ɗorawa, yau ja. Ya ce ina wayar? Na ce ta suɓuce mini cikin ruwa ina ƙoƙarin hawowa. Bai sake tambaya ba. Ya miƙe ya juya ga mutane ya ce, kun ji, ita ta yi nata, matsalar daga wajena take, ku ba ni lokaci in gano. Wayar kuwa tana ɗaure a haɓar zanena, ina jin sanyinta ga cinyata.

Yau mako bakwai shina neman kuskuren da babu shi. Ya ɗauke akwatin ya kai zaure, tun hantsi har la'asar shina gaban laftof. Da ya buɗe inda akwatin ke aje abin da ya faru, kore ya gani kwana biyun, amma bai ce Inna ta yi ƙarya ba, cewa ya yi to mi ya mai da ja kore, kuma don mi tarko bai kama ba. Ya sa wata waya shina danna ja, saƙo ya fita. Ya zare sim ana cikin aikawa, tarko ya kama. Ya kashe sola, ya kama. Ya aika shirme, ya kama. Ya bi rubutun layi layi shina sa alama, wai akwatin ya riƙa cewa na iso nan, na iso nan, don ya ga inda yake ɓacewa. Ba ya ɓacewa. Ina ɗaki ina jin wayatai na kuka, kowane kuka na nuhin aikinai lahiya lau yake, shi ko sai ya yi tsaki ya sake. Ya tura rubutun ga abokainai na makaranta da wasu da bai taɓa gani ba, wanga ya ce duba kaza, wancan ya ce a'a kaza ne, ya bi duka.

Wata rana ya zo ya kama yatsana ya aza kan wayar ya ce in nuna mishi yadda na danna, na daɗe a kai ne ko na ɗaga da wuri. Nan ya kamata in faɗi. Sai na ce ƙila sau biyu na danna, don hannuna na rawa. Idonai ya yi haske, ya ce, "Sau biyu! Amarya ai da kin faɗa tun farko." Kwana shida ya yi kan sau biyun ga. Ni na aike shi, ina kallo, ina kai mishi fura shina mantawa da ita har ta yi tsami.

Sai ya tono wani abu na gaske. Ashe can cikin rubutun, tun farkon aikin, akwai inda ya sa wani tarko mai faɗin baki, wanda kowane irin kuskure ya faɗa ciki sai ya haɗiye, ya ɗauki amsar jiya ya aje a madadin ta yau, bai kira kowa ba. Ya ce don gwaji ya sa shi ya manta bai cire ba. Ya shigo ɗakina ya zauna ƙasa, ya ce, "Inna na gani. Ni ne. Saƙonki ya zo, wani abu ya same shi a hanya, ni kuma na sa an rufe bakin abin da hannuna." Na ce ka tabbata? Ya ce bai iya sa shi ya sake faruwa ba, ya gwada ya gaji, amma babu wata ƙofar sai ita. Sai ya ƙara da maganar da ta hana ni cin abinci tun ranar. Ya ce abu guda ne tarko ba ya iya kamawa duk duniya, a turo mishi amsa mai kyan gani alhali ba gaskiya ba ce, don shi ba ya ganin gulbi, abin da anka ba shi yake gani. "Amma wannan ban ko sa shi cikin lissahi ba, tunda ke kinka duba."

Ya gyara wurin, amma ya ce ba ya sake amincewa da hannunai. Mutanen Kwargaba sun ce a dakata. In ya wuce majalisa sai ka ji an ce, Injiniya, yau mi na'ura ta ce, kore? A yi dariya. Wani wanda injinai ya tahi ya tare shi a hanya ya gaya mishi maganar da ba ni iya maimaitawa, har da uwatai da ke kabari, bai rama ba. Ni kuwa sai gaishe ni ake. Mata na zuwa suna ce mini sannu Inna, kin yi naki, yaran zamani ne da rawar kai. Ina amsawa. Ku ji fa, ina amsawa.

Juma'ar ga bayan an sauko masallaci zai tsaya gaban ƙungiya ya ce laihinai ne, ya nemi gafara, ya tuge ƙarfen. Ya riga ya yi magana da mai sayen laftof a Sakkwato. Wai zai bi wasu samari kudu ya yi acaba, ya ce wanda kuskurenai ke iya cinye noman gari bai kamata ya sake rubuta wa na'ura komai ba. Wanga yaro tun shina aji uku yake kwance rediyona ya ɗaura. Ban san shi da wani so ba bayan wanga aiki.

Rahila ta gane ni ne ranar da ta miƙo mini magani na kai hannu gefe. Ta duba idon ta ce yanar ido ce, ana cirewa, aikin ɗan lokaci ne, mutane nawa anka yi wa suna gani. Ashe abin da na ɓoye shekara guda abin cirewa ne. Daga nan ta haɗa sauran da kanta, ta tambaye ni, na ƙi, ta sake, na fashe na gaya mata komai. Mun yi faɗa sosai. Ta ce Mama wannan zalunci ne, ko a cocinsu ko a masallacinmu sunanai guda. Na ce ke ɗiyar yaushe ce da za ki koya mini tsoron Allah, na kore ta. Kwana biyu ba ta shigo ba, na uku ta zo da kunu ta ce ita ba za ta faɗa mishi ba, ba bakinta ba ne, amma ba za ta daina dubana ba sai na faɗa. Ita ta ce in kawo maganar nan, tunda ba ku san fuskata ba.

Ba tsoron manoma nake ba, Allah ya sani. Su zage ni, na ji zagin da ya fi nasu. Abin da ba ni iya ɗauka shi ne ya dube ni ya tuna mako bakwai ɗin ga, ya tuna ya riƙe yatsana, ya tuna fura. Da ranar farko na faɗi, tsufa ne, kowa na tsufa. Yanzu ba tsufa ba ne. Duk duniya mutum guda ne bai taɓa auna maganata ba, har na'urar da ya gina da hannunai ya ƙaryata don ni. In na faɗi, aikinai ya dawo mishi, amma ban san ko ni zan dawo ba. In na yi shiru ya tahi shina sona, shina ganin kainai banza.

Kuma shirun ma ba mai ɗorewa ba ne. Wayar tana cikin akwatin da na aje likkafanina, nan kaɗai na san babu mai buɗewa ina da rai. Rahila ta ce duk abin da na danna shina ciki, da ranar da lokacin. Ba ni da namijin da zai buɗe akwatin ga ranar da mutuwata ta zo sai shi. Na ɗauko ta sau biyu in jefa gulbi da gaske, hannuna ya ƙi.

To ku gaya mini. In kira shi ɗaki mu biyu kafin Juma'a, in bar mishi zaɓi ko ya tona ni ko ya rufe? Na san shi, rufewa zai yi, ya ci gaba da ɗaukar abin, sai dai yanzu da sani. Ko in ja sandata in tahi wurin taron da kaina, mace cikin maza, in faɗi gaban kowa yadda na yi ƙaryar gaban kowa, ya ji tare da su? Wannan ba zai zama na sake yanka shi ba? Ku da kunka san aikin kwamfuta, in an gaya wa mutum kuskuren da ya rame shina nema bai taɓa kasancewa ba, sanyi yake ji ko ƙuna? Kuma da wace kalma ake farawa? Ni da ake taruwa jin labari a bakina, na juya wagga magana ta kowace fuska ban samo mata kai ba.

Cikin waɗanda munka tsaya a gaɓa munka ga ranar da gulbi ya fara ja da baya don an tare shi, mu uku munka rage. Akwai Tumba, tana Marnona wajen ɗanta, kunne ya tahi, sai an yi mata nuni. Akwai Malam Ɗan'ali mai kwalekwale, shekara biyu bai fito zaure ba, jikokinai ma ba ya rarrabewa. Su biyun babu mai jiran su ce komai, sun huta. Ni ce har yanzu in na buɗe baki ake yarda. Yau Talata. Mi zan ce wa Maigida?